Matakala Ɗari da Sittin

Daga tagar ɗakina, a bisa tudun Valparaíso,
inda gidaje suka hau kan juna kamar kwanuka a kwando,
nake ɗinki, nake kallon Eleuterio Quilodrán,
direban bas, maƙwabcina, mai tumbi kamar randa.

Shekara ashirin da shida yana zaune bayan sitiyari,
soyayyen burodi a cinya, lemon kwalba a gefe,
har ranar da likita ta dubi takardar jininsa,
ta zare tabarau, ta ce: "Sukari ya yi maka sallama,
kuma ba baƙon kwana ɗaya ba ne."

Washegari ya ƙi shiga keken igiya mai jan mutane zuwa tudu.
Ya tsaya a gindin matakala yana kallonta
kamar wanda ake bi bashi ya yi kiciɓis da mai kuɗi.
Ɗari da sittin ce. Na ƙirga ta tun ina yarinya.

Ranar farko ya tsaya sau tara.
Na ɗauki allin ɗinki na zana a jikin taga: tara.
Haki yake kamar zugazugin maƙeri,
karnukan unguwa suna wuce shi, suna waiwaye.

Ƙanwarsa Fresia ta ƙwace tukunya.
Wake, kabewa, ɗanyar masara gurzajjiya,
tumatir da albasa, kifin da aka kamo da asuba,
gishiri kuwa ɗan mitsitsi, kamar an ranto shi.
Ina jin su ta bango.
"Wannan ai abincin majinyata ne!"
"To, kai mene ne?"
Shiru.
Can sai ƙarar cokali.

Sau bakwai. Sau bakwai. Sau takwas, ranar ruwan sama.
Akwai makon da bai fito ba sam,
na hango takarda mai maiƙo a kwandon shararsa.
Ban zana komai ba, na ci gaba da taka kekena.
Sannu ba ta hana zuwa.
Ran Litinin sai ga shi, fuska a murtuke, yana hawa.

Sau biyar.
Sau uku, yana riƙe da jakar lemo da alayyahu.
Wata safiya na ji yana fito, fito fa, a tsakiyar hawa,
hazo na tashi daga teku, jiragen ruwa na kuka a ƙasa.

Da sanyi ya wuce ya ƙwanƙwasa mini ƙofa,
wanduna huɗu a kafaɗa.
"Doña Herminda, a rage mini ƙugu."
Ina gwada shi da igiyar awo, ya ga zanen alli.
"Wannan fa?"
Na faɗa masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki,
cikin da ya saura.

Sai ya tambaye ni: "Ke yaushe rabonki da ƙasa?"
Allura ta soke ni a yatsa.
Tun da aka sauka da gawar mijina ta matakalar nan
jikana ke kawo mini burodi da shayi da sukari,
gwiwoyina suka bushe kamar ƙyauren da ba a buɗewa,
ni da ke ƙirga wa wani tsayawa.

"Gobe, ƙarfe shida," in ji shi.

Sauka ba ta yi wuya ba. Na taɓa ruwan teku da hannu,
na sayi kifi ɗaya, na yi ciniki kamar da.
A hawa na tsaya sau goma sha ɗaya,
shi yana gefe, bai ce uffan ba, yana riƙe mini kifin.

Da na ɗaga kai ina neman numfashi,
sai ga Fresia a tagarta,
tururin wake na fita ta bayanta,
da guntun alli a hannu.